Yadda ake kiɗa kai tsaye a wajen shaƙatawa, da yadda zaka rera waƙar wani ba tare da ka ɓata ta ba

Yaran da suke zuwa wajena koyon piyano da jita tambayarsu kullum ɗaya ce, Oga yaushe zamu fara fita wasa, kuma duk wanda ya tambaya a ransa yana hango kansa ne yana rera waƙarsa ta ƙashin kansa mutane na ihu. Toh ba haka abin yake farawa ba. Na daɗe ina kiɗa a lambunan otal da wuraren gasa kifi da tsire a Jos da Kaduna, jefi-jefi a Abuja, kuma a irin waɗannan wuraren mutum ya zo ne ya ci abinci ya yi hira da abokinsa ya huta, ba don kai ya zo ba, abin da zai sa ya ajiye cokali ya juyo ya kalle ka shine ya ji waƙar da ya sani tun yana yaro. Shi yasa kusan duk daren waƙoƙin wasu zaka yi. Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne, amma mai ita ko ya rasu ko kuma ba zai zo wannan lambun ranar Asabar ba, kai ne a wajen, amanarta tana hannunka. Ga yadda muke yi daga farko har ƙarshe.

Kayan da zaku buƙata

Mutane tukuna. Ƙaramin bandi da zai iya riƙe dare shine mutum huɗu zuwa biyar: mai rerawa, mai piyano, mai jita, mai ganga, sai mai kalangu in har zaku taɓa waƙoƙin gargajiya, kuma ina ba ku shawara ku taɓa. In an samu mace mai murya da zata riƙa amshi kuma ta ɗauki ɓangaren mata toh kun more.

Na sauti kuwa: mikisa, wato na'urar da ake haɗa duk sautuka a cikinta, ƙarama mai ramuka takwas zuwa sha biyu ta ishe ku, sifika biyu manya da sandunan ɗora su, monita ko da ɗaya ce wato sifikar da take kallonku ku ji kanku, makirfo uku ko huɗu masu waya da sandunansu. Irin Shure SM58 ita ce aka fi yarda da ita don tana jure faɗuwa, amma jabunta ya cika kasuwa, in zaka saya tafi da wanda ya san ta. Wayoyin makirfo masu baki uku da wayoyin jita, kowanne ka zo da rara aƙalla biyu. Istabilaiza. Ekstenshan mai kauri dogo, ba irin na cajin waya ba. Sai tarkacen da kowa ke mantawa kuma su ne ke ceton dare: salatef baƙi, tocila, sukundireba, tsirkiyar jita sabuwa saiti guda, kafo wato maƙalin da ake matse wuyan jita da shi don ɗaga sautinta, sandunan ganga na rara, batir, leda babba ko tamfol saboda ruwa, ruwan sha mara sanyi, da takardar jerin waƙoƙi da aka rubuta da maka manya-manya.

In baku da kayan sauti kar ku ci bashi ku saya tun yanzu, haya ake yi, wasu wuraren ma suna da nasu. Amma kayan kiɗanka na hannu ya zama naka ne, kayan aro baya rufe katara, ranar da kake matuƙar buƙata ranar mai shi zai ce yana da biki.

1. Je ka ga wajen kafin ka amsa

Ka je a daren da ake cika, ka zauna kamar kowa ka sayi lemo ka kalla. Su waye ke zuwa, dattawa ne 'yan fansho ko samari ne, iyalai ne da yara ko maza zalla, wane yare kake ji a tebura. A Jos tebur ɗaya zaka ji Hausa da Birom da Turancin buroka duk a haɗe, wannan kaɗai ya gaya maka cewa waƙoƙin Hausa zalla ba zasu riƙe daren ba. Ka duba ina zaku tsaya, akwai rumfa a sama ko fili ne, ina soket yake, ina janareto yake don in yana kusa da ku ƙararsa zata shiga makirfo. Ka duba akwai masallaci ko gidajen mutane a kusa. Kuma ka duba ko ana sayar da giya a wajen, in zuciyarka bata kwanta da hakan ba kar ka tilasta wa kanka, akwai lambunan iyali da gidajen abinci da basa sayarwa kuma suna neman masu kiɗa.

Sannan ka zauna da manaja ku yi magana a fili: ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, nawa ne kuɗin, wa zai biya motar kaya, akwai abinci ga 'yan bandi ko babu, in ruwa ya hana wasa ya za'a yi. Ka karɓi kafin alƙalami, mu rabi muke karɓa, kuma duk abin da kuka yi magana ka sake tura masa a WhatsApp ya amsa da to, don baki yana mantuwa. Ka tambaye shi kuma batun lasisin kiɗa. A Najeriya akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma akwai ƙungiyar MCSN da ke karɓar kuɗin masu waƙoƙi, a Nijar BNDA ce, bisa al'ada mai wajen ne ke biyan wannan ba makaɗa ba, amma gara ka ji daga bakinsa.

2. Zaɓen waƙoƙi

Dare ɗaya yana cin waƙa talatin zuwa talatin da biyar, don haka kar ku fita sai kuna da arba'in a hannu da zaku iya yi ko an tashe ku daga barci. Ku raba su: tsoffin na gargajiya, na fina-finan Hausa da na zamani da ake yayi, hailaif da na kudu, ɗan rege, sai masu sanyi na lokacin cin abinci. Naku na kanku guda biyu ko uku kacal.

Kuskuren sabbin shiga shine su zaɓi abin da su suke so ko abin da zai nuna sun iya yatsu. Ka zaɓi abin da muryar mawaƙinku zata ɗauka da abin da mutanen wajen suka sani. Kuma kar ka raina tsoffin waƙoƙi, da tsohuwar zuma ake magani, wallahi sau da yawa waƙar da aka yi kafin a haife ka ita ce take tada wajen ba wadda ta fito makon jiya ba.

Akwai waɗanda zaku ajiye gefe gaba ɗaya: waƙoƙin siyasa na kowace jam'iyya, waƙoƙin zambo da habaici da aka yi wa wani mutum ko wani gari, da waƙoƙin yabon addini, don ba wajensu bane kuma zaka ɓata wa wani rai. Baka san wa ke zaune a cikin duhu ba.

3. Koyon waƙar, nan ne aikin yake

Nemo asalin waƙar daga bakin mai ita, ba wadda wani ya maimaita a TikTok ba, don in ka koya daga mai maimaitawa kuskurensa zaka gada ka ƙara naka a kai. Ka saurare ta sau da yawa baka taɓa kayan kiɗa ba, a mota, a wajen aiki, kafin barci. Sai ka zauna da biro ka rubuta baitukan da hannunka. Duk inda baka gane kalma ba kar ka cike da abin da ya yi kama da ita, ka nemi dattijo ka tambaya. Tsoffin mawaƙa suna da Katsinanci da Sakkwatanci da Hausar ƙauye a bakinsu, da sunayen garuruwa da sarautu da kirarin da yaron birni bai taɓa ji ba.

Wannan na koye shi ne a wani lambu a Kaduna. Mun gama wata tsohuwar waƙa an yi tafi, sai wani dattijo da farar hula ya taso a hankali da sandarsa ya zo har gaban monita ya yafito mawaƙinmu, ya ce yaro muryarka ta yi, amma sunan garin da ka faɗa a baiti na uku ba shi bane, ya faɗi na daidai, ya ce garinmu ne, mahaifina yana wajen ranar da aka fara yin ta. Mawaƙinmu ya durƙusa ya ce Baba mun gode a yi mana afuwa. Da muka dawo hutu muka sake ta da sunan daidai, dattijon nan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har muka gama, idonsa ya kawo ruwa. Tun ranar ba mu ƙara ɗaukar waƙa ba sai mun tantance kowane suna a cikinta.

Kuma a kan sunaye, waƙoƙin yabo irin na su marigayi Mamman Shata wanda ya rasu a 1999 an yi su ne don wasu mutane takamaimai, iyalansu suna nan da rai. Kar ka cire sunan mai waƙa ka cusa na wani Alhaji da ke tebur don ya baka kuɗi. In kana so ka gaishe da mai wajen ko wani baƙo, ka gama baitukan asali yadda suke, ka bar kiɗan yana tafiya, sannan ka yi gaisuwarka daban kowa ya ji cewa wannan naka ne ba na marigayi ba.

Abu na gaba karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka da ja da taƙaitawa, kuka na hawaye daban kukar miya daban, gari na zama daban garin tuwo daban, kuma mawaƙin asali ya ɗora karin waƙarsa ne a kan wannan hawa da saukar. In ka ce zaka yi gwaninta ka lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin Amurka a kan baitin Hausa sai kalmar ta karye, mai sauraro ya ji wani abu daban. Ado a ƙarshen layi zaka iya yi, amma tsakiyar kalma ka barta yadda mai ita ya ajiye ta.

Sai ka gano abin da in babu shi waƙar ba ita bace. Kowace waƙa tana da shi, wata amshinta ne, wata salon kalangun ne, wata ɗan kiɗan buɗewa ne da mutane ke ganewa tun kafin a buɗe baki. Wannan shi zaka kiyaye kamar ƙwai. Sauran kana da 'yanci.

4. Ɗinka waƙar daidai jikin bandinku

Fara da kii, wato inda muryar zata zauna. Ba dole bane ku yi ta a inda mai ita ya yi. Mawaƙi ya rera wajen da ya fi tsawo a waƙar, in kaga jijiyar wuyansa ta tashi ku sauko da rabin mataki ko mataki guda har ya samu sarari, don abin da ya iya da ƙyar a rihazal da yamma ba zai iya shi ƙarfe sha ɗaya na dare a waƙa ta ashirin da biyar ba. Mai piyano yana da maɓallin taranspos na sauya kii, mai jita yana da kafo. Amma a rubuta kii ɗin kowace waƙa a takarda, kuma mai piyano ya tuna ya mayar da taranspos sifili bayan waƙar, in ya manta waƙa ta gaba shi da mai jita zasu shiga hanya biyu.

Waƙoƙin gargajiyarmu yawanci a kan sauti biyar suke tafiya ba bakwai ba, kuma da yawa ba su da kod a asalinsu, wato sautuka da yawa da ake bugawa tare lokaci ɗaya, murya ce da ganga ko tsirkiya ɗaya. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe duniya har ya rasu a 2015. Toh in ka zo da piyano ka jibga mata kod shida masu nauyi ka kashe ta. Kod biyu ko uku sun isa, wani lokaci ma ɗaya, bes wato sauti mai kauri ya riƙe ƙasa, jita ta kwaikwayi tsinken kuntigi ko gurmi da ɗaiɗaikun sauti gajeru tana ɗan danne tsirkiya da gefen tafin hannu. A bar kalangu ya yi magana. Mai gangar bature ya bi mai kalangu ba mai kalangu ya bi shi ba, kuma ya kula da yawa daga kiɗanmu a kan bugu shida-shida yake rausaya, in ya daddage ya mayar da shi huɗu irin na disko rawar ta tafi. Haɗa kayan bature da waƙar Hausa ba sabon abu bane, marigayi Bala Miller da bandinsa sun yi shi da ƙahonni tun da daɗewa, ku nemi ayyukansu ku ji yadda suke barin sarari.

Waƙoƙin situdiyo na yanzu kuma matsalarsu daban. An jera sauti kala-kala a kwamfuta an gyara murya da na'ura, ku mutum biyar ba zaku iya fitar da duka ba kuma kar ku gwada. Ɗauki bugun, ɗauki bes, ɗauki ɗan karin da kowa ya sani, shikenan. In waƙar ta mace da namiji ce kuma baku da mace, kar namiji ya matse murya, ku bar jita ko piyano ta amsa ɓangarenta, ko ku miƙa wa jama'a makirfo, matan da ke wajen zasu amsa da kansu in sun san ta.

In wani abu ya rasa: babu mai bes, mai piyano ya raba allonsa hannun hagu ya zama bes. Babu mai ganga, a kunna bugun cikin piyano amma a zaɓi mara hayaniya a ƙara da kalangu ko ƙwarya don ya yi rai, ƙwarya da aka kifa tana aiki sosai, da ita su marigayiya Barmani Choge suke tada taro. Babu mai kalangu, gara ku rage na gargajiya da ku yi su da kalangun cikin piyano, ni dai kunnena baya karɓarsa.

Ku yanke tsayi. Waƙar da take minti ashirin a kaset ku ɗauki baituka huɗu ko biyar masu ƙarfi ku yi ta a minti shida. Kuma ku yi rihazal ɗin farawa da tsayawa fiye da tsakiya, wa zai ƙirga, wa zai ɗaga hannu a tsaya tare. Bandi ana gane shi ne a yadda yake ajiye waƙa.

5. Jera zango

Muna yin zango uku, kowanne kamar minti arba'in da biyar da hutun kwata a tsakani, mu fara bayan an idar da Isha'i. Zangon farko mai sanyi, mutane na cin abinci suna hira, ƙara ƙasa-ƙasa. Na biyu a fara ɗagawa a kawo tsoffin da aka sani. Na uku na rawa. Kar ku jera waƙa uku a kii ɗaya ko bugu ɗaya, kunne yana gajiya, kuma ku ajiye mafi ƙarfi guda biyu na ƙarshe. Taku ta kanku ku saka ta a tsakiyar zango na biyu tsakanin sanannu biyu.

6. Ranar wasa, haɗa kaya da gwajin sauti

Ku isa awa biyu kafin lokaci. Sifiku manya su kasance a gabanku suna kallon jama'a, makirfo duk a bayansu, in makirfo ya shiga gaban sifika wannan kukan mai tsinin da ke huda kunne zai tashi. Ɗaga su a sanda su wuce kan mutanen da ke zaune. Monita a ƙasa gaban mawaƙi tana kallon fuskarsa, gindin makirfo yana nuna ta. Babu monita, ku ɗan karkato sifika ɗaya ku matso kusa da juna ku rage ƙarar ganga. Wayoyin da suka bi ta hanyar masu kai abinci a liƙe su da salatef a ƙasa.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba. Komai ya bi ta istabilaiza, kuma ku roƙa a baku layin da ba na firiza ba, don duk lokacin da firiza ta tashi wuta zata yi ƙasa sautinku ya shaƙe. Wajen kunnawa, piyano da mikisa tukuna, sifiku a ƙarshe. Wajen kashewa sifiku ne farko. Ka gaya wa mai kula da janareto da bakinka cewa dan Allah kafin ya canza layi ya zo ya faɗa muku. A wani waje an taɓa mayar da mu kan NEPA ana tsakiyar waƙa ba sanarwa, wutar ta zo da ƙarfi, adaftar piyanona ta yi ƙauri nan take ina ganin hayaƙi siriri yana fita, sauran daren da jita da kalangu muka ƙarasa. Yanzu adafta biyu nake yawo da ita.

In mawaƙi ya ji makirfo yana ɗan jan leɓensa, wannan ba abin wasa bane, wutar wajen bata da at mai kyau, wato wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa. A tsaya a canza soket ko a kira mai gyara, kar wanda ya riƙe tsirkiyar jita da hannu ɗaya ya kama makirfo da ɗayan, kuma kar kowa ya tsaya ba takalmi a ƙasa mai danshi.

Gwajin sauti ɗaya bayan ɗaya: ganga, bes, piyano, jita, kalangu, sai muryoyi, sannan duka tare a waƙa ɗaya. Mutum ɗaya ya je can teburin ƙarshe ya saurara. Tambaya ɗaya ce, ana jin kalmomin? In ba a ji kar a ƙara murya, a rage kayan kiɗa. Eko kaɗan, mun cika son eko har baiti ya zama kamar ana magana a cikin rijiya. Mawaƙi kar ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu, yana jawo kuka kuma yana toshe murya.

Jita a ɗaure ta da na'urar saita tsirkiya ko manhajar waya, a sake dubawa kafin kowane zango, musamman lokacin hunturu a Jos inda sanyin dare ke sauya tsirkiya cikin ɗan lokaci. Fatar kalangu kuma in damina ce tana saki, mai kalangu ya san ya ɗan gasa ta nesa-nesa da wutar mai tsire, ba kusa ba.

7. A kan dandamali

Ka yi sallama ka gaishe da mutane a taƙaice, ka gode wa mai waje, ku shiga. Kafin ko bayan kowace waƙa ka faɗi mai ita, in ya rasu ka ce Allah ya jiƙansa, zaka ji wajen ya amsa da amin, kuma yaron da bai san shi ba ya tafi gida da sunan. Wannan baya cin ko daƙiƙa goma kuma shine bambancin mai riƙon amana da ɓarawon waƙa. In zaku ɗora bidiyon a Facebook ko YouTube ma ku rubuta sunan mai ita, kuma ku sani masu haƙƙin suna iya sa a cire sautin ko kuɗin tallan ya tafi wajensu.

Kar a bar shiru mai tsawo tsakanin waƙoƙi ana ta wace zamu yi wace zamu yi, takarda tana ƙasa kowa ya kalla. Idonka a kan tebura: in kaga mutane suna matsowa kunnen juna suna ɗaga murya ƙararku ta yi yawa, in kaga ƙafa tana motsi a ƙarƙashin tebur ko wata Hajiya tana bin baitin da leɓe toh kun kama hanya ku ƙara irinta ko da ba ita ce ta gaba a takarda ba. In zangon farko ba wanda ya tafa kar ranka ya ɓaci, hannunsu yana cikin kifi ne.

Za'a zo da roƙo. In kun iya ku ce ranka ya daɗe tana tafe bayan wannan. In baku iya ba ku faɗi gaskiya, Alhaji a yi haƙuri bamu shirya ta ba amma mako mai zuwa in Allah ya kai mu zaka ji ta, ka rubuta kuma ku koye ta da gaske, wannan mutumin zai dawo har da abokansa. Kar ku yi kame-kame a kan waƙar da mutum yake ƙauna. Wanda ya sha ya yi nauyi ya zo zai karɓi makirfo, kar ka yi ja-in-ja da shi kuma kar ka kunyata shi a lasifika, murmushi zaka yi ka ɗan juya jiki, mai mikisa ya sauke layin, ma'aikatan waje su janye shi.

Batun liƙi a kula. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 EFCC ta kai mutane kotu a kan haka. Ku ajiye faranti ko ƙwarya a gaba a riƙa sakawa a ciki, ku rubuta lambar asusu a kwali don masu taransfa. Mutum ɗaya amintacce ne zai kula da ita.

In an kira sallah a kusa ku tsaya cak har a gama.

8. In abu ya lalace

An ɗauke wuta, mai kalangu da mai ganga kar su tsaya, mawaƙi ya matso bakin dandamali ya ja amshin jama'a su karɓa da tafi har a tada janareto, wani kuma ya yi sauri ya kashe sifiku kafin wutar ta dawo. Tsirkiya ta tsinke, piyano ya rufe gurbin. An manta baiti, a koma amshi a zagayo. Wani ya yi kuskure kar a juya a harare shi, yawancin mutane basu ji ba sai sun ga fuskarku. Hadari ya haɗo kuma kuna fili, kar ku jira ɗigon farko, a kashe a zare a rufe da tamfol, mikisa da piyano su ne farkon shiga ciki.

9. Tashi

Ku ƙare a kan lokacin da aka yi alkawari, in jama'a sun ce a ƙara ku kalli manaja tukuna saboda maƙwabta, in ya ɗaga kai ku ƙara ɗaya. Tun kafin ku fara naɗe kaya shugaban bandi ya je ya karɓi cikon kuɗi, in ka bari sai kun gama loda mota zaka tarar manaja ya tafi gida ana ce maka sai gobe. Rabo a daren ake yinsa a gaban kowa, mu muna cire kuɗin mota, mu ware kaso ɗaya na gyaran kaya kamar shi ma mutum ne, sauran a raba daidai har da abin da ke cikin faranti.

Wayoyi a naɗe su zagaye-zagaye ba a kan gwiwar hannu ba don cikinsu yana karyewa, a ƙirga makirfo da sanduna, a haska tocila ƙarƙashin dandamali. Ka yi wa masu kai abinci da mai gadi da mai janareto sallama da ɗan abin shan ruwa, su ne zasu ce wa manaja a dawo da yaran nan. A cikin mota kafin kowa ya yi barci ka ɗauko takardar jerin ka sa alama a waƙoƙin da suka tashi da waɗanda suka kwanta, da waɗanda aka roƙa baku da su, rihazal ɗin ranar Talata da su za'a fara.